Kai me ka gani a littafin? Tambayoyi da amsoshi kan rubutun ɗalibin adabi

Yaron da ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a Garwa ko Marwa ko Kusiri da ke arewacin Kamaru, Allah ya ba shi gurbi a sashen adabi, yakan shigo jami'a riƙe da abu biyu. Ya iya tsara rubutun muhawara kashi uku kamar yadda aka koyar a lise, wato babbar sakandare, kuma ya haddace abin da malamai suka faɗa a kan littattafan manhaja. In ka tsare shi ka ce, to kai me ka gani a littafin, sai ya fara sosa ƙeya. Tambayoyin da ke tafe irin waɗanda 'yan shekarar farko ke yi ne, musamman 'ya'yan Hausawa masu karatu da Faransanci a jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa, da 'yan uwansu na Njamena.

Tambaya: Malam, tun a lise aka hana mu cewa "ni ina ganin" a takardar jarrabawa. To ta ina ra'ayina zai shiga?

Amsa: Haka ne, rubutun muhawara na tsarin Faransa, wanda kuke kira disartasiyon, ba ya son ɗalibi ya fito da kansa fili. Hanin yana da amfaninsa, don in aka sakar wa ɗan lise mara zai cika shafi huɗu da "ya burge ni" da "ya ba ni tausayi" ba tare da ya taɓa littafin ba. Inda aka samu matsala, yara da yawa sun ɗauka har tunanin ma an hana su. Sai su jera hujjojin goyon baya, su jera na suka, su ƙare da cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, su miƙa takarda.

Ra'ayinka ta wajen zaɓi yake shiga. Wace tambaya ka gina rubutun a kanta, wane wuri ka ɗauko daga littafin ka bar wani, wace hujja ka ajiye sai ƙarshe saboda ita ta fi kwanta maka. Mai duba takarda tun daga gabatarwa yake gane ɗalibin da ya yi zaɓi da kansa.

Tambaya: Malam, na karanta littafi ya taɓa ni sosai, na rubuta abin da na ji, aka ba ni 7 bisa 20, aka rubuta a gefe wai babu nazari. Me na rasa?

Amsa: Abin da kika ji mafari ne, kuma mafari mai kyau. Saura ki koma ki nemo abin da marubucin ya yi har kika ji haka. Mu ɗauki littafin da kusan kowa a nan ya ji labarinsa, Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, wanda ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a Faransa a 2020. Mata uku ne ke ba da labarin, kowacce da bakinta: Ramla da aka raba da wanda take so aka aurar da ita ga wani attajiri, sai 'yar uwarta Hindou da aka haɗa da wani ɗan uwansu, sai Safira, uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla.

A karatun farko ɗaliba za ta iya rubuta, "Safira muguwa ce, na tsane ta." Ba laifi, amma babu abin da malami zai kama a nan ya yi muhawara da shi. In ta sake karantawa sai ta lura an ajiye kason Safira sai ƙarshe, bayan mai karatu ya riga ya ba Ramla zuciyarsa, kuma an bar Safira ta faɗi makircinta da bakinta. Tambaya ta taso ke nan: me ya sa marubuciyar ta jira sai da na ɗauki ɓangare kafin ta shigar da ni zuciyar uwargida? Daga nan ɗalibar tana iya rubuta cewa tsarin littafin ne ke tilasta wa mai karatu ya ga ita ma uwargidan haƙuri aka umarce ta da shi, kamar yadda aka umarci amarya, sannan ta kawo shafin da ya nuna hakan. Tsanar tana nan ba a jefar da ita ba. An dai bi sawunta har aka iso ga aikin da marubuciyar ta yi. Wannan bin sawun shi malaminki yake nufi da nazari.

Tambaya: Ta yaya ake koyon wannan? Ba wanda ya taɓa nuna mana.

Amsa: Nemi littafin rubutu guda, wanda ba na darasi ba, wanda ba za ka nuna wa kowa ba. Duk lokacin da kake karatu ka ji wani abu ya tsayar da kai, dariya ce, haushi ne, ko ka kasa ganewa, rubuta lambar shafin, ka kwafi jimlar, a ƙarƙashinta ka faɗi abin da ta yi maka cikin layi biyu ko uku. Kada ka gyara, kada ka nemi manyan kalmomi. In ka gama littafin sai ka dawo ka karanta abin da ka tara. Yawanci za ka tarar abu guda ne ya yi ta tsayar da kai a wurare daban-daban: yadda uba ke magana da 'ya'yansa, misali, ko yadda duk lokacin da aka zo maganar kuɗi sai marubucin ya gajarta. Abin nan da ya yi ta dawowa, shi ne jigon rubutunka, kuma shafukan da za ka kafa hujja da su suna hannunka tun tuni.

Amfani na biyu, ka fara rubuta naka kafin ka karanta sharhin wani. Wanda ya fara da sharhin da aka buga da wuya ya sake ganin littafin da idonsa.

Tambaya: A gida Hausa nake yi, a kasuwa Fulatanci, a makarantar allo Larabci, a jami'a Faransanci. Ba wannan ne ke dagula min rubutu ba?

Amsa: Yana ƙara maka aiki, wannan babu musu. Ɗan uwanka na Njamena ma haka yake, tsakanin Larabcin Chadi da ake ciniki da shi da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Larabci. Amma yankin nan ya daɗe da sanin marubuta masu harshe fiye da ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Kuma a cikin manhajarku ma maganar tana nan. Une vie de boy na Ferdinand Oyono, wanda ya fito a 1956, an gabatar da shi ne a matsayin littafin ajiye sirri na wani yaron Bature mai suna Toundi, da aka ce ya rubuta da harshen Ewondo sannan aka mayar da shi Faransanci. Ahmadou Kourouma ɗan Kwaddibuwa kuwa, a Les Soleils des indépendances na 1968, da gangan ya lanƙwasa Faransanci ya bi tsarin maganar Malinke. Ɗalibin da ke rayuwa cikin harsuna huɗu ya fi kowa kunnen jin irin wannan.

Shawarata, a littafinka na kanka ka rubuta da duk harshen da tunanin ya zo da shi, har ka cakuɗa in ka ga dama. Idan ka zo rubutun da za ka miƙa, kada ka fassara jimla bayan jimla. Rufe littafin, ka faɗi maganar sabuwa da Faransanci. Kuma ka yi hattara da karin magana. A Hausa in ka jefa karin magana ka rufe bakin abokin gardama, amma a takardar jami'a in ka fassara ta ka ajiye, malami zai tambaye ka ina hujjar. Kurakuran nahawu kuwa cuta ce daban, maganinta yawan karatu da komawa kan takardun da aka maido maka ka ga kuskuren da ya fi maimaituwa.

Tambaya: An raine mu a kan cewa ɗalibi ba ya ja da malaminsa. In fahimtata ta saɓa da abin da ya faɗa a aji fa?

Amsa: Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ka yar da ita. Sai dai ka tuna ko a zauren ilimi, wanda ya yi nisa a fikihu ya san malamai sun yi saɓani, kuma almajiri yakan ce "Allah gafarta Malam, na ga wane ya ce kaza" ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ladabin yana cikin yadda aka faɗa. Ka fara nuna ka fahimci abin da malamin ya ce, ka faɗe shi daidai ba tare da ka rage masa ƙarfi ba, sannan ka kawo wurin da kake ganin fassarar tasa ba ta game ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai malamin da ba abin da yake so illa a maido masa da darasinsa kalma bayan kalma. Irin wannan, a ranar jarrabawa ka ba shi abin da ya koyar, ka ajiye naka a littafinka har lokacin da za ka rubuta kundin mastar, wato digiri na biyu. Amma kada tsoron mutum ɗaya ya sa ka yi wa sauran kuɗin goro. Da yawansu sun gaji da karanta maganarsu ana dawo musu da ita.

Tambaya: Wani littafin yana ɓata min rai, ina ganin ya ci mutuncin al'adarmu ko addininmu. Zan iya rubuta haka?

Amsa: Kana iya rubutawa, bisa sharaɗi biyu. Na farko ka karanta shi har ƙarshe, don mafi yawan masu zagin littafi a majalisa ji suka yi an ce. Na biyu ka rarrabe wa ke magana. Abin da tauraron labari ya faɗa daban, abin da mai ba da labari ya faɗa daban, matsayin marubucin kuma daban. In uba azzalumi a cikin labari ya jingina zaluncinsa da addini, tambayar ita ce littafin goyon bayansa yake yi ko tona shi yake yi. In bayan wannan ka ga har yanzu marubucin ya nuna gefe guda ya ɓoye wani, faɗi, ka nuna abin da aka ɓoye da inda ya kamata ya fito. Suka irin wannan tana cin maki. Wadda ba ta ci ita ce "wannan ƙarya ce, mu ba haka muke ba."

Tambaya: Littattafan Hausa da muke karantawa a WhatsApp suna da wani amfani a nan?

Amsa: Suna da shi. Ƙagaggen labarin Hausa na boko yana da tarihi tun gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa, har zuwa adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980, da gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Wadda ta saba gardama da ƙawayenta a kan ko marubuciya ta yi wa jaruma adalci ta riga ta fara sharhi. Ta yi musu irin tambayoyin da take yi wa littafin manhaja. Za ta gano wasu ba sa jure karatu na biyu, wannan ma ilimi ne.

Tambaya: Littattafai sun yi tsada, laburare kuma ba ya wadatarwa.

Amsa: Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku sayi ɗaya, ku riƙa karɓa-karɓa, ku sa ranar da za ku zauna a kansa. Ku leƙa ɗakin karatu na Alliance, cibiyar koyar da Faransanci, a Garwa, ko na cibiyar al'adun Faransa a Njamena. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta sharhi a kan taƙaitawar shafi biyu da aka yi fotokofi a bakin ƙofar makaranta.

Tambaya: ChatGPT fa? Kowa da shi yake aiki yanzu.

Amsa: Zai ba ka gabatarwa mai santsi da kashi uku cif cikin minti guda. Yakan kuma ƙirƙiro jimla ya ce daga littafin take alhali babu ita, musamman a littattafan Afirka da ba su yaɗu a intanet ba, kuma malamin da ya san littafin zai gane. In za ka yi amfani da shi, bari sai ka gama naka, ka ce ya nuna maka kurakuran nahawu, ka duba kowanne da kanka. In shi ya yi maka tunanin, ranar da aka zaunar da kai awa uku ko huɗu a ɗakin jarrabawa babu waya za ka gane ba ka ƙaru da komai ba.

Tambaya: To yaya zan san ina ci gaba, tunda maki yau ya hau gobe ya sauka?

Amsa: Maki ya danganta da mai dubawa, saboda haka kada ka auna da shi kaɗai. Ajiye takardunka na shekarar farko, ka fito da su a shekara ta uku ta lisans, wato digiri na farko, ka kwatanta. Ɗan shekarar farko yakan ɓata rabin takarda yana maimaita labarin, kamar malamin bai karanta ba. Yakan buɗe da "tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake..." Yakan ɗauko maganar wani masani ya dasa ba tare da ya ce komai a kanta ba. In ka ga taƙaita labari ya ragu zuwa layi uku, abin da kake ɗaukowa daga littafi ya gajarta amma bayaninka a kansa ya tsawaita, kalmomi irin su "kowa" da "kullum" sun yi ƙaranci, to ka matsa. Wata alamar kuma, ka fara iya rubuta hujjar wanda bai yarda da kai ba yadda shi kansa zai ce haka nake nufi.

Akwai lokacin da rubutu kan yi kamar ya lalace, galibi a shekara ta biyu, sa'ad da ɗalibi ya fara karanta masana ya cika takarda da kalmominsu. Yana wucewa. In ka tsinci kanka a ciki, ɗauki sakin layi guda ka karanta wa abokinka da ƙarfi, ka ce ya maimaita maka abin da ya ji da Hausa. Inda ya kasa, nan ne za ka sake rubutawa.