Tuƙa babbar motar gida a Turai: wane lasisi ake buƙata, kuma yaushe takograf, na'urar rubuta awannin tuƙi, ke zama dole?

Motar gida ita ce motar da aka gina wa ɗaki a baya, da gado da wurin girki da banɗaki, iyali su shiga su yi makonni suna yawo suna kwana a cikinta. A Jamus da Faransa da Birtaniya sun cika tituna lokacin hutu. Ƙananan ba su da rigima, amma akwai manyan da ake ginawa a kan ƙirar babbar motar kaya, kuma a kansu ne mutane ke faɗawa hannun hukuma ba tare da sun san sun yi laifi ba. Lambobi biyu ne ke riƙe da zancen gaba ɗaya: kilo 3,500 da kilo 7,500.

Lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa motar gida?

Ya isa, muddin nauyin da aka halatta wa motar bai wuce kilo 3,500 ba, kuma fasinjojinta ba su fi takwas ba ban da direba. Wannan shi ne lasisin rukunin B, a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya. Daga kilo 3,500 zuwa 7,500 sai da rukunin C1. Abin da ya haura 7,500 kuwa sai da rukunin C, irin na direbobin manyan motocin kaya. Duka biyun sai likita ya duba lafiyarka da ƙarfin ganinka, ka ci jarrabawar ƙa'idojin hanya, sannan ka ci gwajin tuƙi da babbar mota. Takardar ƙwarewa ta direbobin haya, wadda ake kira CPC, ba ta hau kan mai tuƙa motarsa don yawon kansa ba.

Akwai sassauci a tafe. A 2025 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar dokar lasisi da za ta bar mai rukunin B ya tuƙa motar gida har kilo 4,250 bayan ƙarin horo ko gwaji. Sai dai an ba ƙasashe shekaru su shigar da ita cikin dokokinsu, don haka kada kowa ya yi gaggawar sayen mota da wannan lissafi.

Idan motar ba ta kai nauyin ba a ranar da nake tuƙa ta fa?

Ba a duba wannan wajen lasisi. Abin da ɗan sanda zai karanta shi ne lambar da ke kan ɗan farantin da kamfani ya liƙa a jikin mota, galibi a bakin ƙofa ko kusa da inji, da kuma takardun rajista. Idan an rubuta 4,500, to 4,500 ce ko da babu cokali ɗaya a cikinta.

Matsalar da ta fi yawa ma ta ɗaya gefen take. Kamfanoni kan yi wa mota rajista a kan 3,500 daidai don mai lasisin B ya iya saye, alhali ita kanta ta cinye mafi yawan nauyin tun daga masana'anta. A lissafinsu direba kilo 75 ne kawai. To ka cika tankin ruwa mai lita 100, kilo 100 ke nan. Ka ɗora tukunyar gas biyu, kekuna, rumfar da ake buɗewa a gefe, kayan abinci, ga uwargida da yara uku. Kafin ka fita unguwa ka wuce iyaka. Wannan laifin lodi ne, akwai tara, kuma ana iya hana ka motsawa sai ka sauke kaya a gefen hanya. Shawarata ita ce duk wanda zai yi doguwar tafiya ya loda motar kamar yadda zai tafi da ita, ya kai ta sikelin auna motoci tukuna. Birki da tayoyi ba su san abin da aka rubuta a takarda ba, nauyin gaske suke ɗauka.

Me ya sa ake ganin dattawa na tuƙa manyan ba tare da sun yi gwajin babbar mota ba?

Tsohon lasisi ne ya ba su. A Birtaniya, wanda ya ci gwajin ƙaramar mota kafin 1 ga Janairu 1997 ya samu C1 a haɗe. Idan ya kai shekara 70 sai ya kawo shaidar likita a fom ɗin D4, in ba haka ba damar ta faɗi ya koma 3,500. A Jamus tsohon lasisi mai lamba 3 da aka bayar kafin 1999 ya kai har 7,500. A Faransa kuma wanda ya karɓi rukunin B kafin 20 ga Janairu 1975 yana iya tuƙa motar gida mai nauyi idan aka sa masa lamba 79 a lasisinsa.

Wanda ya je da lasisin Najeriya, Nijar ko Ghana fa?

A Birtaniya zai iya tuƙi da shi na wata 12, amma ƙananan motoci kawai, har kilo 3,500. Ƙasashen nan uku ba sa cikin waɗanda ake musanya lasisinsu kai tsaye, saboda haka mazauni sai ya yi gwajin B daga farko, bayan nan ya nemi C1. A Jamus wata shida ake ba wanda ya zauna ya tuƙa da lasisin ƙasarsa.

Shi takograf ɗin mene ne?

Na'ura ce da ke gaban direba, tana rubuta gudun mota, nisan da aka ci, awannin tuƙi da na hutu. Ta bambanta da na'urar taƙaita gudu da hukumar FRSC ta tilasta wa motocin haya a Najeriya: waccan hana gudu take yi, wannan shaida take ajiyewa. Tsofaffin suna zane ne a kan faifan takarda. Tun 2006 sababbin motoci na zamani suke zuwa da shi, direba ya zura katinsa mai hotonsa, komai ya shiga ciki.

To dole ne babbar motar gida ta kasance da shi?

Nan ne ake yawan ruɗewa, domin dokar ba a kan girman mota kaɗai ta tsaya ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta 2006 ta shafi abu biyu: motocin ɗaukar kaya da suka wuce kilo 3,500, da motocin da aka ƙera don ɗaukar mutum fiye da tara har da direba. Sannan ta cire wanda ke ɗaukar kayansa ba don kasuwanci ba, matuƙar nauyin motar, haɗe da abin da take ja, bai wuce 7,500 ba. Ke nan mai motar gida ta kansa da ba ta haura 7,500 ba hankalinsa kwance.

Sama da 7,500 ne tambayar ke zama: wurin kwana ne zalla, ko kuwa tana ɗaukar kaya? Shekaru da dama masu irin waɗannan motoci sun ɗauka tunda an yi musu rajista a matsayin motar kwana, kuma ba haya suke yi ba, dokar ba ta shafe su ba. Wata shari'a daga Suwidin ta rusa wannan tunani. An tare wani mutum da babbar mota wadda gabanta ɗakin zama ne, bayanta kuma wurin kaya, ya ɗauko baburan da ake hawa a kan dusar ƙanƙara zai je gasa. A ranar 2 ga Maris 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa motar da ta wuce 7,500 kuma aka tanadar mata wurin lodin kaya tana ƙarƙashin dokar, ko da akwai ɗakin kwana a ciki, ko da kayan na mai motar ne, kuma rukunin da aka yi mata rajista bai canza komai ba.

Wannan hukunci ya taɓa mutane da yawa: mai katuwar motar da ke da garejin ƙaramar mota a ƙasanta, mai ɗaukar dawaki, mai motar tsere. Haka wanda motarsa 7,000 ce amma ya jona mata tirela ya ɗora mota a kai, jimillar ta haura iyaka. Birtaniya ta bar Tarayyar kafin hukuncin, amma a can ma motar dawaki da ta wuce 7,500 sai da takograf ko da ta mutum ce shi kaɗai.

A ganina kotun ta yi daidai. Mota mai tan 12 a hannun direban da barci ya fara ɗauka haɗarinta ɗaya ne, ko siminti ta ɗauko ko dokin mai ita.

Idan dokar ta hau kaina, me zan kiyaye?

Ka nemi katin direba, wanda ke aiki shekara biyar, ka kuma kai na'urar wurin masu izini su daidaita ta duk shekara biyu. Tuƙi awa 9 ne a rana, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako. Bayan awa huɗu da rabi a kan sitiyari sai hutun minti 45, ko a raba shi 15 sannan 30. Kada a wuce awa 56 a mako, ko 90 a mako biyu a jere. Hutun kowace rana awa 11 ne, na mako kuma awa 45. Ko wanda doka ba ta tilasta wa ba, ina roƙonsa ya riƙe wannan na awa huɗu da rabi, domin direban hutu bai saba da doguwar tafiya kamar direban sana'a ba, ga shi iyalinsa ne a baya.

Baya ga lasisi, me ke canzawa idan mota ta wuce 3,500?

Gudu da kuɗin hanya. A manyan titunan Jamus motar gida mai nauyi tsakanin 3,500 da 7,500 ba ta wuce kilomita 100 a awa, wadda ta fi haka kuma 80. A Ostiriya takardar kuɗin hanya ta ƙananan motoci ba ta yi mata, sai an karɓi ɗan akwatin GO-Box mai cajin kowace kilomita. A Faransa tun Janairu 2021 dole ne a manna mata alamomin da ke gargaɗin masu keke da masu tafiya a ƙasa game da wuraren da direba ba ya hangowa ta madubi, biyu a gefuna ɗaya a baya.