Gettysburg: Yadda sulhun 1913 ya haifi rigimar mutum-mutumin yau

Tun daga 2015, lokacin da aka kashe baƙaƙen fata tara a wata coci a Charleston, Amurkawa ke ta kai ruwa rana kan mutum-mutumin janar-janar ɗin Kudu na zamanin yaƙin basasa. An sauke na Robert E. Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, a Richmond a watan Satumban 2021. Barikin soja na Fort Pickett a jihar Virginia, mai ɗauke da sunan janar ɗin Kudu George Pickett, an sauya masa suna a 2023, a 2025 kuma aka mayar da sunan, da bayanin cewa wani soja daban mai irin sunan ake karramawa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka rigimar ta tashi ne haka kwatsam. Amma wanda ya bi tarihin filin daga na Gettysburg a jihar Pennsylvania zai ga ta fi shekara ɗari tana ci a ƙarƙashin ƙasa.

Labarin farmakin da Kudu ta kai a wannan fili sananne ne. Ranar 3 ga Yulin 1863, kwana na uku na gumurzun, bayan an sha ruwan harsasan igwa, sojojin ƙafa na Kudu kimanin 12,500 suka fito daga tudun Seminary, suka keto fili mai fiye da kilomita guda zuwa tudun Cemetery inda dakarun Arewa ƙarƙashin George Meade suka ja daga. 'Yan ƙalilan ne suka tsallake katangar duwatsun da 'yan Arewa suka fake a bayanta, tare da Janar Lewis Armistead wanda ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Fiye da rabin maharan an kashe, ko an raunata, ko an kama. Sunan George Pickett ne ya manne wa farmakin, ko da yake rundunonin Pettigrew da Trimble ma suna ciki. A watan Nuwamba Shugaba Abraham Lincoln ya yi shahararren jawabinsa a maƙabartar sojoji ta garin, yaƙin kuma ya ƙare a 1865.

A shekarun farko filin na waɗanda suka yi nasara ne. Rundunonin Arewa ke kafa duwatsun tunawa a wuraren da suka tsaya, har alamar da aka kafa a 1892 a kusa da katangar tana kiran abin da Kudu ta yi da sunansa, wato tawaye.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne taron cika shekara 50, a ƙarshen Yuni da farkon Yulin 1913. Mazan jiya fiye da 50,000 suka hallara a tantunan da aka kafa musu a filin, kusan 9,000 daga cikinsu 'yan Kudu, galibi tsofaffi da suka haura saba'in, ana kuma tsananin zafi. Ranar 3 ga wata, ragowar mutanen Pickett suka sake taka wani ɓangare na filin nan, wasu suna dogara sanda, har suka isa katanga. Can ragowar birged ɗin Philadelphia na Arewa suna jira. Suka miƙa wa juna hannu ta saman duwatsun, masu hoto suka ɗauka, jaridu suka baza a faɗin ƙasar. Ba na shakkar hawayen da tsofaffin nan suka zubar. Mutumin da ya ga abokansa sun faɗi a wannan fili yana da haƙƙin ya nemi zaman lafiya kafin ya kwanta dama.

Sai dai sulhun ya zo da sharaɗin da kowa ya gane ba tare da an rubuta shi ba: za a yi ta yabon jarumtar ɓangarorin biyu, amma a kame baki kan abin da ya kawo faɗan. Abin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, wasu daga cikin jihohin Kudu da suka ɓalle kuma sun ambaci bauta ƙarara a takardun ɓallewarsu. Rundunar da ta shigo Pennsylvania a 1863 ta zo da dubban bayi masu girki da tuƙa amalanke, sojojinta kuma sun kama baƙaƙen fata 'yantattu a garuruwan yankin sun kora su Kudu. Kusan duk jawaban taron sun tsallake wannan.

An gayyaci mazan jiyan yaƙin gaba ɗaya, har da waɗanda ba su yi faɗa a Gettysburg ba. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 sun sa kakin rundunar Arewa, amma da wuya ka hango su a hotunan bikin ko a kan dandamalinsa. Waɗanda aka fi gani a sansanin lebura ne da masu dafa abinci. A garin kansa, tsoffin sojoji baƙaƙe kusan 30 suna kwance a wata maƙabarta ta daban mai suna Lincoln, wadda aka keɓe wa baƙaƙen fata. Ya zama kamar sasanta dangi da aka yi a zaure, wanda aka zalunta yana waje bai ji kira ba. A daidai lokacin kuma dokokin wariyar launin fata sun kafu a Kudu, an toshe wa yawancin baƙaƙe hanyar jefa ƙuri'a.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1917 Virginia ta kafa ƙaton mutum-mutumin Lee a kan dokinsa, a tudun da farmakin ya taso, yana fuskantar filin. North Carolina ta biyo baya a 1929, Alabama a 1933. Mai ziyara da ya tsaya a ƙarƙashin dokin nan, idonsa na bin tafiyar maharan ne, zuciyarsa ta tausaya musu tun kafin ya tambayi me nasararsu za ta jawo wa miliyoyin mutane. A ganina wannan ne babban gadon 1913, domin 'ya'ya da jikoki sun taso sun tarar da labarin a haka, suka ɗauke shi cikakke. Shi ya sa yau idan aka ce a sauke mutum-mutumi wasu ke ji kamar kakanninsu aka zaga, da gaske suke ji kuwa.

Abin lura shi ne yawancin duwatsun jihohin Kudu a Gettysburg ba su kai tsufan da ake zato ba. Georgia ta kafa nata a 1961, Florida da South Carolina a 1963, Texas a 1964, Arkansas a 1966, wato a tsakiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata ta neman 'yancin zaɓe da shiga makarantu ɗaya da farare. Rubutun da ke jikin dutsen South Carolina yana ɗaukaka 'yancin jihohi a matsayin aƙidar da sojojinta suka tsaya a kai, kalmar da masu adawa da haɗe makarantu ke amfani da ita a shekarun nan. Louisiana ta zo a 1971, Mississippi a 1973, Tennessee kuma sai a 1982.