Na'urar UPS ta Kwamfutar Gida

UPS na'ura ce mai batiri a cikinta, ana jona ta tsakanin soket ɗin bango da kwamfuta. Da zarar an ɗauke wuta sai ta koma kan batirin, ta riƙe kwamfutar na ɗan lokaci, galibi minti 5 zuwa 15, har mai aiki ya adana abin da yake yi, ya kashe ta yadda ya kamata. Ba a ƙera ta don a shafe awanni ana aiki ba. Wannan aikin inbata ne ko janareto. Wasu masu kukan cewa tasu "ba ta riƙe wuta" sun ɗora mata nauyin da ba nata ba ne. Kwamfutar tebur ce ta fi buƙatarta, domin ta tafi-da-gidanka da batirinta take zuwa.

Ire-irenta

Ma'aunin ƙasa da ƙasa na IEC 62040-3 ya kasa UPS gida uku. Ta farko ita ce mai jiran gado: tana barin wutar NEPA ta wuce kai tsaye, sai an ɗauke take juyawa kan batiri. Juyawar kan ɗauki kashi 2 zuwa 10 cikin dubu na daƙiƙa, akwatin wutar da ke cikin kwamfuta kuwa kan iya jure yankewar kusan kashi 16, shi ya sa kwamfutar ba ta mutuwa. Ita ce mafi araha.

Ta biyu tana da sashen daidaita wuta, wanda ake rubuta wa AVR a jikin kwali. Idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa sai ya ɗaga ta, idan ta yi yawa ya rage, ba tare da an taɓa batiri ba. A unguwar da ƙwan fitila ke yin ja da yamma saboda raunin wuta, wannan ce ta cancanci kuɗinta, domin mai jiran gado za ta yi ta faɗawa kan batiri har ta cinye shi alhali akwai wuta. Ta uku kuwa kullum ita ke sarrafa wutar da kanta, babu wata juyawa. Ta manyan ma'aikatu ce da asibitoci, tsadarta ta wuce buƙatar gida.

Lambar VA da ainihin ƙarfi

A nan ne aka fi yin kuskuren saye. Babbar lambar da ke gaban kwali, 650VA ko 1000VA, ba ita ce wat ɗin da na'urar ke ɗauka ba. A ƙananan UPS masu araha, wat ɗin kan tsaya wajen kashi 60 cikin 100 na VA: mai 650VA kan ɗauki wat 360 zuwa 390, mai 1000VA kuma wajen wat 600. Lambar wat ɗin tana rubuce ƙanana a baya, ita ya kamata a duba.

Lissafin ba wuya. A ce kwamfutar ofis na jan wat 120, allonta 30, na'urar intanet 10, jimla 160. A ƙara rubu'i saboda kada a cika ta maƙil, ya zama 200. Mai 650VA ta wadatar. Kwamfutar wasanni ko ta tace bidiyo, mai babban katin hoto, tana iya jan wat 400 zuwa 500, sai dai 1000VA ko 1500VA. Firinta mai lesa, dutsen guga da firji ba su da wuri a jikin UPS ko kaɗan; firintar kaɗai kan fizgi ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama kanta.

Akwai kuma siffar wutar da batiri ke bayarwa. Masu araha na fitar da wuta mai hawa-hawa kamar matakala, masu tsada kuma mai santsi irin ta NEPA. Yawancin kwamfutocin ofis ba ruwansu. Amma wasu akwatunan wuta na zamani, waɗanda aka rubuta wa Active PFC, sukan yi ƙara ko su mutu nan take idan suka ji mai hawa-hawa. Mai irin wannan kwamfuta gara ya ƙara kuɗi.

Batiri

Abin da ke ciki yawanci rufaffen batirin dalma ne mai bolt 12, 7Ah ko 9Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa ne). Kamfanoni na cewa yana kai shekara 3 zuwa 5, amma a zafin digiri 25 suka yi lissafin, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 na raba kwanansa biyu. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke haura 40, batirin da aka cusa ƙarƙashin tebur babu iska ba zai kai wannan adadi ba. Ga shi yana buƙatar awanni kafin ya cika, idan ana kawowa ana ɗaukewa sai ya zauna rabi-rabi, abin da ke saurin kashe batirin dalma. Saboda haka UPS mai araha ta gaskiya ita ce wadda za a kwance a sauya mata batiri da wanda ake samu a kowace kasuwa. A duba ranar ƙira kafin a biya, domin batirin da ya haura wata shida a shago ba caji ya riga ya fara lalacewa.

Kamfanoni da na hannu

APC, wanda aka kafa a Amurka a 1981 kuma Schneider Electric na Faransa ya saya a 2007, na cikin sanannun sunaye, tare da Eaton da CyberPower. A kasuwannin Najeriya ana yawan ganin Mercury da BlueGate. Wasu na zuwa da mahaɗar USB da manhajar da ke kashe kwamfuta da kanta idan batiri ya kusa ƙarewa, kamar PowerChute ta APC.

Na hannu da aka shigo da su daga Amurka na aiki ne da bolt 120, alhali Najeriya da Nijar na kan 220 zuwa 230, don haka jona su kai tsaye ƙona su ne. Ko da wadda ta dace aka samu, a ɗauka batirinta ya mutu, a saka kuɗin sabo cikin ciniki. Masu ƙaramin janareto kuma su gwada kafin su saya: wasu UPS kan ƙi karɓar wutarsa saboda rawar da take yi, su zauna kan batiri suna ta ƙara har su mutu. Wasu nau'o'in na da saitin rage tsananin tantance wuta, wanda kan warware wannan matsala.