Waiwaye: daga ƙarar igwa zuwa taswirar salula

Ɗan kabu-kabun da ke bin taswirar salula yana neman wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, moriyar wani lissafi yake ci wanda ya haura shekara 100 a duniya. Kuma jigon lissafin nan agogo ne.

A ce tsawa ta faɗi da damina, mutumin Tsibiri ya riga na Maraɗi jin ta da daƙiƙa 3. Sauti na cin wajen mita 340 a daƙiƙa, ke nan wurin ya fi kusa da Tsibiri da kimanin kilomita 1. Wannan kaɗai ba ya nuna wurin, wani lanƙwasasshen layi yake ba ka a kan taswira. In na Jiratawa ma ya faɗi lokacin da ya ji, layi ya zama biyu, kuma a mahaɗarsu abin ya auku. Amma fa sai agogon mutum ukun ya zo ɗaya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da dabarar fili. A 1915, shekarar da ya samu kyautar Nobel tare da mahaifinsa, aka ɗora wa masanin kimiyya William Lawrence Bragg aikin gano wa sojan Ingila inda igwogin Jamus suke ɓoye. Sun jera na'urorin ɗaukar sauti a bayan fagen daga, da farko abin ya ƙi, don rurin igwa ya yi kauri ƙwarai na'urar ba ta kama shi. Sai a 1916 abokin aikinsa William Tucker ya kawo wata siririyar waya mai zafi: iskar harbin in ta iso sai ta sanyaya ta, wutar da ke bi ta ciki ta canza, lokacin ya rubutu a kan fim. Wannan fasaha har yau tana burge ni.

Daga nan aka koma kan rediyo, aka juya dabarar: tashoshi a ƙasa ke aika sigina, jirgi ya auna bambancin lokacin isowarta ya gane inda yake. Jiragen yaƙin Ingila sun fara aiki da irin wannan tsari mai suna Gee a 1942, Amurka ta yi nata mai suna LORAN. Wani tsarin kuwa mai suna Omega da tashoshi 8 kacal ya game duniya, ɗaya a Laberiya, kafin a rufe shi a 1997. Sai dai siginar rediyo na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya kauce da kai mita 300.

Shi ya sa taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda salula ke gane inda take da siginarsu, da aka fara harbawa a 1978, ke ɗauke da agogon atam mai matuƙar daidaito. Na salula mai araha ne, dole ta saurari taurari 4 aƙalla don ta gyara nata lokacin.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka yi saurin rushe tashoshin ƙasa. Amurka ta kashe Loran-C, wani samfurin LORAN na baya-baya, a 2010, alhali siginar taurari ba ta da ƙarfi, ƙaramar na'ura na iya toshe ta. Ga shi yanzu Koriya ta Kudu da Ingila sun koma neman farfaɗo da irin tashoshin nan da sunan eLoran.