Kafin ɗalibi ya ɗauki jaka zuwa ƙasar waje: abin da Khartum ta nuna

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hemedti. Ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran makarantu sun kwana lafiya, suka tashi da ƙarar bindiga. Daga nan iyaye da ɗalibai suka fara yin tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a hau jirgi.

Wane shiri ne ya fi gaggawa?

Takardu. Fasfo ya zama yana da aƙalla wata shida kafin ya ƙare, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda ya gaza haka. Ka ɗauki hoton shafin farko da na biza da na ikama (takardar izinin zama), ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi a gida wurin Baba ko yayanka. Ainihin fasfon kuwa ya zauna a ƙaramar jaka guda tare da katin makaranta, cajar waya da maganin da kake sha, jakar da za ka iya sura ka fita cikin minti biyu. Idan ka miƙa shi ofis don sabunta ikama, ka karɓi shaida, kuma ka bi sawunsa har ya dawo hannunka. A Argeen, bakin iyakar Sudan da Masar, ɗalibai sun shafe kwanaki cikin rana da ƙura suna jiran izinin shiga kafin a kai su Aswan. A irin wannan wuri, wanda ba shi da takarda wahalarsa ninki biyu ce.

Ba ga kuɗi a banki ba? Me zan yi da na hannu?

A Khartum bankuna sun rufe, wuta ta ɗauke, layin waya yana zuwa yana tafiya. Iyaye na da kuɗin turawa, amma babu hanyar da za su isa. Ka ware wani abu cikin dala da kuɗin ƙasar, ka raba gida biyu, kada ka taɓa ko da aljihu ya yi tsami a ƙarshen wata.

Yin rajista a ofishin jakadanci yana da wani amfani kuwa?

Yana da shi ƙwarai, ko da yake ɗalibai sun fi raina wannan. Idan za a kwashe mutane, da sunaye ake lissafin motoci da kujerun jirgi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta NiDCOM ne suka tsaya kan aikin kwaso 'yan Najeriya daga Sudan, kuma rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Ka shiga ƙungiyar ɗalibai tun makonka na farko, lambar shugabanninta kuma ka rubuta a takarda, saboda waya tana iya mutuwa. Wanda zai je Turai ya haddace 112, lambar neman agaji.

Wani ya roƙe ni in kai masa saƙo. In ƙi?

Ka ƙi, ko kuma a buɗe a gabanka ka ga komai da idonka. Na san kunya tana da nauyi a wurinmu, musamman idan babba ne ya ce "ɗan yaji ne kawai da kuka". Amma a ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya kan tiramol da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai Afrilun 2019 aka sake ta. Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kai wa ga kisa. Saboda haka ka ƙirga jakunkunanka a wurin awo, ka duba adadin tambarin da aka ba ka ya yi daidai da su.

Lafiya fa?

Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance cikin fasfo. Mai shan magani kullum ya tafi da takardar likita.

Idan harbi ya fara, in fita ko in zauna?

Ka zauna nesa da taga, ka tara ruwa a duk abin da ka samu, ka tura wa gida saƙo guda da ke faɗin inda kake da waɗanda kuke tare. Kada ka fita ɗaukar bidiyo. Tafiya ta zama cikin ayari, bayan an tabbatar da wurin haɗuwa daga bakin ƙungiya ko ofishin jakadanci.