Shaye-shaye da taɓin hankali: gado ne ko ba gado ba?

Tambayoyin nan su ake ta maimaita min kullum, toh ga amsoshin a wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake turo wata.

Wai gadon taɓin hankali ake yi?

Ba cutar ake gada ba, sauƙin kamuwa da ita ake gada.

Shaye-shaye fa?

Shi ma haka. Binciken tagwaye da na yaran da aka bayar riƙo ya nuna gado na ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na haɗarin, sauran kuma rayuwa ce.

Babana mashayi ne, kenan ni ma sai na zama?

A'a. Kuma ku manya ku daina ce wa yaro "ai a jininku yake", wallahi kalmar nan tana karya yaro tun bai taɓa komai ba. Kai dai ka san abin ya fi saurin kama ka, kar ka fara ko da sunan gwaji.

Akwai gwajin jini da zai nuna?

Babu. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce. A 2022 masu bincike sun gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da cutar sikizofireniya kaɗai (taɓin hankalin da kan sa mutum ya ji muryoyi ko ya yarda da abin da babu shi), kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi.

In dai akwai gado, me yanayin rayuwa zai canza?

Da yawa mana. Tagwaye masu kama ɗaya ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, amma in ɗaya ya kamu da sikizofireniya, yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam, kusan 1 cikin 5 sun kamu da hodar hiroyin a can, da suka koma gida mai bincike Lee Robins ta bi sawunsu ta tarar wajen kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko. Jininsu bai canza ba, wuri ne ya canza. Duka da zagi da fyaɗe da sakaci a yarinta kuwa suna ƙara haɗarin duka biyun, shaye-shaye da taɓin hankali.

Wanda zan aura akwai mai taɓin hankali a gidansu, in fasa?

Nan kam sai a hankali, ba zan ce ki fasa ba, ba kuma zan ce ki rufe ido ba. Farko wace cuta ce? Mutane sai su haɗa komai su ce hauka, alhali farfaɗiya daban, ruɗewar tsufa daban, wanda ya bugu a kai a hatsarin mota daban, shi wannan ba a ma gadonsa. Ciwon damuwa gadonsa bai kai na baifola (ciwon da ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa) ko sikizofireniya ƙarfi ba. Sannan waye a gidan, kawu ne ko uwa, mutum ɗaya ne ko uku? A cikin jama'a wajen mutum 1 cikin 100 ke kamuwa da sikizofireniya, in ɗaya daga cikin iyaye na da ita ya kan kai wajen 10 cikin 100, kin ga 90 lafiyarsu ƙalau, jikoki kuma abin ya ƙara raguwa. Amma fa in dangin ku duka biyu akwai, lissafin ya canza, ku je tare wurin likitan ƙwaƙwalwa ku zayyana masa tarihin kowane ɓangare, kuma shi ma ƙiyasi zai ba ku ba tabbas ba. Ni abin da na fi dubawa shi ne mutumin kansa, ya faɗa miki da bakinsa ko ɓoyewa aka yi, yana shan wani abu, in shi ne mai lalurar yana shan maganinsa yana zuwa asibiti? Mai baifola da ke kan magani zai iya riƙe gida da aiki lafiya lau. In kuma macen ce ke da lalurar, a ga likita tun kafin ciki, domin maganin balfurowet, wanda ake ba wasu masu baifola, na iya nakasa jariri, sannan makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da ciwon kan tashi. Kar dai ta ajiye magani da kanta.

Wiwi ai ganye ne, me zai yi?

Wannan maganar ta fi komai ɓata min rai. Wani bincike na 2019 a biranen Turai da Burazil ya nuna masu shan wiwi kullum sun ninka marasa sha kusan sau 3 wajen haɗarin gushewar hankali, in mai ƙarfi ce kusan sau 5. Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kai kuma kana 16 kana zuƙa, ga yayanka ya taɓa kwanciya asibiti. Abokinka ya sha bai yi komai ba? Ba jininku ɗaya ba.

Ɗana ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Mu jira?

Kar ku jira, ku kai shi asibiti a satin nan, kuma ba laifinki ba ne baiwar Allah. In yana maganar kashe kansa, yau ɗin nan.