Ɗokin magoya baya kan sabon ɗan wasa a ƙwallon kwando

Ɗokin sabon ɗan wasa shi ne zumuɗi da dogon burin da magoya bayan ƙungiyar ƙwallon kwando suke ɗorawa a kan matashin da ya shigo gasar ƙwararru a kakarsa ta farko, wanda masu bin wasan suke kira ruki. An fi ganin wannan hali a gasar NBA, mai ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka da ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Sau da yawa ɗokin yakan fara tun yaron bai taka filin gasar ba, kuma ya fi zafi a garuruwan da ƙungiyarsu ta daɗe tana shan kashi. Tsarin gasar ne da kansa yake haifar da shi, domin an shirya dokokinta ne ta yadda matashin da ya fi kowa alamar haske zai faɗa hannun ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi rauni.

Inda ɗokin ya samo tushe

A kowane ɓangare mutum biyar ne kawai suke cikin fili, kuma tauraron ƙungiya yakan yi minti 35 ko fiye daga cikin minti 48 na wasa, yana kai hari yana kuma tsaron gida. Saboda haka mutum ɗaya yana iya sauya ƙungiya gaba ɗaya, abin da da wuya a gani a wasan da ake yi da mutum goma sha ɗaya. Tarihi ya ba magoya baya hujja. Milwaukee Bucks ta ci wasa 27 kafin zuwan Lew Alcindor, wanda daga baya ya koma Kareem Abdul-Jabbar. A kakarsa ta farko, 1969–70, ta ci 56, a 1971 kuma ta ɗauki kofi. Boston Celtics ta tashi daga nasara 29 zuwa 61 a shekarar da Larry Bird ya shigo. San Antonio Spurs ta ga irin wannan sau biyu: daga 21 zuwa 56 da David Robinson a 1989–90, sannan daga 20 zuwa 56 da Tim Duncan a 1997–98, ko da yake a karo na biyun dawowar Robinson daga jinya tana da nata kason.

Sai kuma zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ake yi duk shekara a watan Yuni, zagaye biyu, kowane zagaye da gurbi 30. Ƙungiyoyi 14 da suka kasa kaiwa wasannin fitar da gwani su ne suke shiga ƙuri'ar da take fitar da waɗanda za su fara zaɓe. An fara wannan ƙuri'a a 1985, shekarar da New York Knicks ta samu Patrick Ewing. Yadda ake yinta a tsarin 2019: a wani ɗaki da aka rufe, gaban wakilan ƙungiyoyin da aka karɓe wa wayoyi, ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a fitar da huɗu. Lambobin suna iya haɗuwa ta hanya 1,001, an raba 1,000 a tsakanin ƙungiyoyin. Tun daga 2019, ukun da suka fi kowa faɗuwa kowacce tana da 140, wato kashi 14 cikin ɗari. Gurbi huɗu na farko kaɗai ake fitarwa ta haka, sauran a bi su bisa yawan rashin nasara. Ga mai goyon bayan da ya kwashe wata shida yana kallon ƙungiyarsa tana shan duka a wasanni 82, daren ƙuri'ar nan na watan Mayu shi ne wasan ƙarshensa. A 2025 Dallas Mavericks ta cinye da damar kashi 1.8 kacal, ta ɗauki Cooper Flagg.

Wannan tsari yana da nasa aibin. Idan an hango wani gagarumin matashi, wasu ƙungiyoyin sukan sassauta da gangan, su ajiye manyan 'yan wasansu a benci, don su ƙara yawan lambobinsu. Philadelphia 76ers ta yi suna da wannan dabara a tsakiyar shekarun 2010, har ta ƙare kakar 2015–16 da nasara 10 da rashin nasara 72. Abin mamakin shi ne wani ɓangare na magoya bayanta sun rungumi abin, suna murnar faɗuwa saboda abin da za ta jawo. Gyaran ƙuri'ar da aka yi a 2019 an yi shi ne don rage kwaɗayin hakan.

Matakan da yake bi

Da, sai yaro ya yi shekara uku ko huɗu a jami'a kafin a san shi a faɗin ƙasa. LeBron James ne ya nuna cewa zamani ya juya. Yana ɗan shekara 17 a makarantar sakandare a Akron ta jihar Ohio, mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta a Fabrairun 2002, ta kira shi zaɓaɓɓe. Kamfanin Nike ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala miliyan 90 da shi tun kafin a zaɓe shi. Sannan ƙuri'ar 2003 ta faɗa wa Cleveland Cavaliers, ƙungiyar jiharsu, wadda ta ci wasa 17 kawai a kakar da ta gabata. A wasansa na farko, a Sacramento ranar 29 ga Oktoba, 2003, ya ci maki 25. Tun daga zaɓen 2006 doka ta hana tsallakewa kai tsaye daga sakandare: dole ɗan wasa ya cika 19 a shekarar zaɓen, ɗan Amurka kuma sai ya shekara ɗaya da gama makaranta. Dokar ba ta rage ɗokin ba, ta dai mayar da shi kan shekara guda ta jami'a ko gasannin Turai. A kakar 2022–23 NBA da kanta ta riƙa nuna wasannin Victor Wembanyama na ƙungiyar Metropolitans 92 ta Faransa a manhajarta, alhali yaron bai zama nata ba tukuna.

Bayan zaɓe sai gasar bazara ta Las Vegas a watan Yuli, inda sababbin shiga suke karawa da masu neman gurbi. Wasanni ne da ba sa shiga kowane lissafi, amma a nan ake fara yanke hukunci. Wembanyama, mai tsayin kusan mita 2.24, ya fito gaban zaure cike maƙil a Yulin 2023, ya jefa ƙwallo 13 biyu kawai suka shiga, ya tashi da maki 9. Nan take aka fara cewa an kambama shi. Bayan kwana biyu ya ci 27, bakin ya sauya. Wannan lilo tsakanin yabo da zagi, daga dare zuwa dare, shi ne babban halin ɗokin a zamanin gajerun bidiyo, inda daƙiƙa goma na dankara ƙwallo a kwando suke zagaye duniya, kura-kuran tsaron gida kuma ba mai yanko su.

A cikin zauren wasa, alamominsa sanannu ne: riguna masu lambar yaron a ko'ina, tikitin da ya yi tsada, wasannin ƙungiyar da gidajen talabijin na ƙasa suka dawo suna nema, da ihun "MVP", wato gwarzon gasa, da ake yi masa idan ya tsaya jefa ƙwallon fanareti. Daren 22 ga Janairu, 2020 a New Orleans ya tattara su duka. Zion Williamson, zaɓin farko na 2019, ya yi wata uku yana jinyar gwiwa, jama'a suna jira. Kashi uku na wasan da Spurs ya wuce bai taɓuka abin kirki ba. A kashi na huɗu, cikin minti uku da 'yan kai, shi kaɗai ya ci wa ƙungiyarsa, New Orleans Pelicans, maki 17 a jere, ciki har da jifa huɗu daga nesa, alhali ba a san shi da jifan nesa ba. Zauren ya ɗauki ihu. Sai koci Alvin Gentry ya fitar da shi, domin likitoci sun ƙayyade mintocinsa, 'yan kallo suka koma rera sunansa suna neman a mayar da shi. Ba a mayar ba, Pelicans ta faɗi 121–117, kuma da wuya a samu wanda ya koma gida yana zancen sakamakon. Wasa 24 kacal ya buga a kakar.

Ɗokin yakan ƙetare iyaka idan yaron baƙo ne. Yao Ming, ɗan ƙasar Sin mai mita 2.29 da Houston Rockets ta zaɓa a farko a 2002, ƙuri'un magoya baya sun sa shi cikin masu fara wasan taurari na 2003 a gaban Shaquille O'Neal. A gasar mata ta WNBA kuwa, zuwan Caitlin Clark ƙungiyar Indiana Fever a 2024 ya sa wasu abokan hamayya suka mayar da wasanninsu da Fever zuwa zauruka mafi girma don su ɗauki jama'a.

Kuɗi da kyauta

Ga masu ƙungiya, ruki mai haske riba biyu ne: yana cika kujeru, kuma yana da araha. A 1994 Glenn Robinson ya karɓi kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 68 daga Milwaukee bai buga ko wasa ɗaya ba. Shekara guda bayan haka aka kafa ma'aunin albashi bisa lambar da aka zaɓi mutum. A yau wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da shekara biyu tabbatattu, ƙungiya kuma tana da zaɓin ƙara biyu. Kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa ana bayar da ita tun kakar 1952–53, 'yan jarida ne suke kaɗa ƙuri'a, kofin kuma tun 2022 yana ɗauke da sunan Wilt Chamberlain, wanda a kakarsa ta farko ya yi matsakaicin maki 37.6 a wasa, ya haɗa ta da kyautar gwarzon gasa. Wes Unseld ne kaɗai ya sake haɗa biyun, a 1969. Ma'anar ruki ma takan jawo gardama, domin kakar da mutum ya fara bugawa ake lissafawa, ba shekarar da aka zaɓe shi ba. Da haka Ben Simmons, zaɓin 2016 da ya yi shekara yana jinya, ya ci kyautar a 2018, magoya bayan Donovan Mitchell na Utah suna ta ƙorafin cewa shi ba sabon yankan rake ba ne.

Tsakanin buri da abin da ake samu

Magoya baya sun yi imani da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani lokaci haka ne. A wasa na shida na ƙarshen gasar 1980, Magic Johnson yana ruki ya tsaya a gurbin Kareem da ya ji rauni, ya ci maki 42, Los Angeles Lakers ta ɗauki kofi. Amma irin wannan ba ya yawan faruwa, kuma Magic ya tarar da ƙungiya mai ƙarfi ne. Abin da aka fi gani shi ne yaro ya yi fice, ƙungiya ta ci gaba da faɗuwa. Wembanyama ya yi matsakaicin maki 21.4, ya fi kowa a gasar tare jifan abokan hamayya da 3.6 a wasa, duk masu ƙuri'a suka ba shi kyautar, Spurs kuwa ta ƙare da nasara 22, daidai da na shekarar da ta gabata. Cleveland ta kai 35 da LeBron a kakar farko, kofin da aka yi mata alkawari sai 2016 ya iso, bayan ya tafi Miami ya dawo. Akwai kuma gajiyar tsakiyar kaka: wanda ya saba da wasa talatin da 'yan kai na minti 40 a jami'a, zuwa Janairu ko Fabrairu ƙafafunsa sukan yi nauyi, jifansa ya fara kaucewa.

Wasu burukan kuwa jiki ne yake karya su. Portland ta ɗauki Sam Bowie a lamba ta 2 a 1984, bayan Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, kafin Chicago ta ɗauki Michael Jordan. Karayar ƙafa ta cinye shekarun Bowie. A 2007 Portland ɗin dai ta fifita Greg Oden a kan Kevin Durant, aka tarbe shi kamar mai ceto, tiyatar gwiwa ta hana shi kakar farko baki ɗaya, ya ƙare da wasa 105 a duk zamansa a gasar. Mafi ɗaci shi ne na Len Bias, wanda Celtics ta zaɓa a lamba ta 2 a Yunin 1986, ya rasu bayan kwana biyu sanadin hodar iblis. Irin waɗannan 'yan wasa sukan ɗauki tambarin "asara" a bakin mutanen da suka zuzuta su tun farko, alhali ba su ne suka zaɓi lambar da aka kira su ba. Anthony Bennett, zaɓin farko na 2013 da mutane kaɗan suka zata, ya yi matsakaicin maki 4.2 a Cleveland, ya sha ihun raini daga 'yan kallon gidansu.

A zaɓen 2013 ɗin ne Milwaukee ta ɗauki wani siririn yaro daga ƙaramar gasar Girka a lamba ta 15, Giannis Antetokounmpo, ba tare da wani hayaniya ba. Kobe Bryant lamba ta 13 ne a 1996, kakarsa ta farko daga benci ya fi fitowa, da matsakaicin maki 7.6. Nikola Jokić ɗan Sabiya kuwa Denver Nuggets ta zaɓe shi a lamba ta 41 a 2014, kuma a daidai lokacin gidan talabijin yana nuna tallar abincin Taco Bell, sai sunansa ya wuce a rubuce a ƙasan allo. Ya zama gwarzon gasa a 2021, 2022 da 2024, ya kuma kai Denver ga kofinta na farko a 2023.